YAUƘI, KAURI DA DANƘO: NAZARI A KAN CUƊANYA DA SARƘEWAR FOLIMA MAI CAJI A CIKIN RUWA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa ya san cewa idan ya ɗaga loma, wani siririn zare kan biyo ta daga cikin kwano, sai ya murza hannu kafin ya yanke. Bahaushe ya ba wannan hali suna tun da daɗewa, yana ce masa yauƙi, kuma bai taɓa rikita shi da kauri ko danƙo ba. Kunu yana da kauri, amma ba ya yauƙi. Jiƙaƙƙen ƙaro yana da danƙo, amma ruwansa kan zuba daga ƙoƙo ba tare da ya ja dogon zare ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da masana kimiyyar sinadarai suka gano game da tushen waɗannan halaye, watau yadda wasu dogayen ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki suke shiga hurumin juna, su kuma sarƙe, idan an narka su a ruwa. Za a nuna cewa rabe-raben da harshen Hausa ya yi wa waɗannan halaye sun yi daidai da abubuwa mabambanta da ke faruwa a cikin ruwan. Al'amarin yana da muhimmanci ga masu aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya, domin mai fassarar da ya tattara su duka a ƙarƙashin kalmar "kauri" ya zubar da ilmin da harshen ya riga ya tanada.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kauri, idan ana zancen abu mai ruwa, shi ne nawar da yake yi wajen kwarara. Kishiyarsa ita ce a ce abu ya yi tsululu ko tsararo. Yauƙi kuwa shi ne halin jan zare yayin da aka ɗaga wani sashe na abin daga sauransa. Danƙo shi ne mannewa a jikin wani abu dabam, kamar yatsa ko allo. Akwai kuma santsi, watau rashin tirjiya tsakanin abubuwa biyu masu gugar juna. Idan kauri ko yauƙi ya gushe bayan da akwai shi, sai a ce kunu ya tsinke ko miya ta tsinke.

Har a wajen aron ma'ana kalmomin ba sa shiga gonar juna. Akan ce mutum ya yi ƙaurin suna da wani harafi dabam, amma kaurin wuya ko kaurin murya da wannan. Akan yi zancen danƙon zumunci, saboda zumunci mannewa ne. Wanda yake jan jiki wajen tafiya ko magana kuwa, shi ake cewa yana yauƙi, domin yana jan abu ba ya yankewa. Fi'ilin "tsinke" ya fi duka ban sha'awa, domin asalinsa na igiya ne da zare, ga shi kuwa, kamar yadda za a gani a gaba, zare ne ainihin abin da ke cikin miyar.

3.0 Mene ne Folima Mai Caji?

A 1920 wani masanin sinadarai Bajamushe, Hermann Staudinger, ya kawo ra'ayin cewa abubuwa irin su roba da sitati an gina su ne da ƙwayoyi masu tsawon gaske, waɗanda ƙananan ƙwayoyi dubbai suka haɗu suka yi, ɗaya na riƙe da ɗaya. Takwarorinsa da yawa sun yi masa musu, amma daga baya gaskiyarsa ta tabbata, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1953. Irin wannan doguwar ƙwaya ita ake kira folima. Misalin da ya fi kusa da ita shi ne carbi: 'ya'ya iri ɗaya jere a kan tsarkiya, sai dai carbin folima yana iya kaiwa 'ya'ya dubu goma ko fiye. A nan za a riƙa kiran kowace ƙwaya guda "zare".

Cajin lantarki iri biyu ne, mai alamar tarawa (+) da mai alamar ɗebewa (−). Ƙa'idarsu ita ce, iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Gishirin miya idan ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu, sodiyam mai cajin tarawa da kuloraid mai cajin ɗebewa. Waɗannan ƙananan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon.

Folima mai caji ita ce wadda 'ya'yan carbinta, duka ko wasunsu, suke yin irin wannan rabuwa a ruwa. Zaren yakan riƙe caji iri ɗaya a tsawon jikinsa, ya saki ƙananan ayon masu kishiyar cajinsa su shiga ruwa. Da yake ba sa yin nisa da zaren, ya dace a kira su 'yan rakiya. Misalan irin wannan folima suna da yawa: DNA mai ɗauke da bayanin gado, da sinadarin hayaluronik da ke cikin ruwan gaɓoɓi da na ƙwayar ido, wanda Karl Meyer da John Palmer suka fara fitarwa daga idon saniya a 1934, da faktin na jikin 'ya'yan itatuwa, da ƙaro, da abin da ke sa kuɓewa yauƙi.

Zaren da ba shi da caji yakan dunƙule a ruwa kamar sawun akuyar da ke yawo ba alƙibla, ta yi gaba ta komo baya. Zare mai 'ya'ya 10,000 faɗin dunƙulensa bai wuce tsawon 'ya'ya 100 zuwa 200 da 'yan kai ba. Mai caji kuwa, idan ruwan ba gishiri, kowane ɗa yana ture maƙwabcinsa, saboda haka sai zaren ya miƙe, ya mamaye wuri mai faɗi ƙwarai. Wannan miƙewa ita ce tushen duk bambancin da za a tattauna.

Amma fa turewar tana da iyaka. A ruwa mai matsakaicin ɗumi, idan caji biyu suka kusanci juna da kimanin nanomita 0.7 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ƙarfin da ke tsakaninsu yakan yi daidai da ƙarfin motsin da zafi ke sa ƙwayoyi. A 1969 Gerald Manning ya nuna cewa idan cajin da ke jikin zare suka fi haka matsuwa, wani kaso na 'yan rakiya yakan komo ya lafe a jikin zaren, ya kashe wani sashe na cajinsa. A jikin DNA, inda tazarar caji take nanomita 0.17, kimanin kashi 76 cikin 100 na cajin ne ake kashewa ta wannan hanya.

4.0 Matakai Uku na Haɗi

Idan aka ɗauki ruwa ana ƙara masa folima kaɗan kaɗan, haɗin yakan bi ta matakai uku.

4.1 Matakin Warwatsuwa

A farko zarurrukan kaɗan ne, kowanne yana can shi kaɗai, kamar gidajen ƙauye da gonaki suka raba. Ruwan yana nan tsararo, ko da yake ya ɗan fi ruwa zalla nawa. Wannan mataki yana ƙarewa a lokacin da hurumin kowane zare ya taɓo na maƙwabcinsa. Wannan gaci shi za a kira iyakar cuɗanya. A aikace masana kan gane an iso ta yayin da kaurin haɗin ya kai kimanin ninki biyu na kaurin ruwan da aka fara da shi.

Tun da zare mai caji a miƙe yake, yakan iso wannan iyaka da wuri. Lissafi ya nuna cewa idan aka ninka tsawon zare sau 10, yawan folimar da ake bukata kafin cuɗanya yakan ragu sau 100 ga mai caji a ruwa marar gishiri, alhali ga marar caji kimanin sau 6 kawai yake raguwa. Saboda haka dogon zare mai caji, ko ɗan ƙanƙani aka zuba, ya riga ya wuce matakin farko.

4.2 Matakin Cuɗanya

A mataki na biyu zarurruka sun shiga hurumin juna, amma kowanne yana iya zamewa ya wuce ba tare da wani ya riƙe shi ba. A nan ne folima mai caji take nuna wani hali na ban mamaki, wanda Raymond Fuoss da Ulrich Strauss suka bayyana a Amurka a 1948. Idan aka ninka yawan folima sau 4, ƙarin kaurin da take kawowa sau 2 kawai yake ninkuwa. Ga folima marar caji a wannan mataki, irin wannan ƙari yakan ninka kaurin kimanin sau 6.

Dalilin haka yana komawa ga aikin Peter Debye da Erich Hückel na 1923. Sun nuna cewa ayon da ke yawo a ruwa sukan taru a kewayen kowane caji, su zame masa shamaki, ta yadda ƙarfinsa ba ya kaiwa nesa. To, kowane zare da aka ƙara yana zuwa ne da nasa 'yan rakiya. Yawan zare, yawan 'yan rakiya. Yawan 'yan rakiya, ƙarfin shamaki. Idan kuwa shamaki ya yi ƙarfi, turewa takan ragu, zaren ya fara lanƙwashewa. Ke nan abubuwa biyu ne suke ja-in-ja: yawan zarurruka yana ƙara kauri, ƙanƙancewar kowanne tana rage shi. Pierre-Gilles de Gennes na Faransa da abokan aikinsa sun tsara wannan bayani a 1976, sa'an nan Andrey Dobrynin da Ralph Colby da Michael Rubinstein suka faɗaɗa shi a 1995.

4.3 Matakin Sarƙewa

Cuɗanya dabam, sarƙewa dabam. Mutane a kasuwa suna cuɗanya, amma kowa yana iya ratsawa ya fita. Sarƙewa ita ce abin da ke faruwa ga zaren masaƙi idan iska ta watsa shi ya harɗe, ta yadda ba a jan ɗaya sai sauran sun biyo. Tun da zare ba ya iya ratsa jikin ɗan'uwansa, idan suka yi yawa kowanne yakan sami kansa a cikin wani matsattsen lungu da maƙwabta suka yi masa. A 1971 de Gennes ya bayyana cewa hanyar da ta rage wa irin wannan zare ita ce ya yi jan ciki ta tsawonsa, kamar maciji a cikin rami, kai gaba, wutsiya na biye. Masao Doi da Sam Edwards suka gina cikakken lissafi a kan wannan a 1978. De Gennes ya sami lambar Nobel a 1991.

Da zarar an ƙetare iyakar sarƙewa, kauri yakan hau da sauri. Bisa lissafin 1995, ninka folima mai caji sau 4 a ruwa marar gishiri yakan ninka ƙarin kaurin sau 8, ga marar caji kuwa fiye da sau 200. Haɗin kuma yakan sami wani hali irin na roba. Idan aka ja shi a hankali ya kwarara, idan aka fizge shi ya yi tirjiya, ya nemi komawa. A 1947 Karl Weissenberg ya nuna cewa irin wannan ruwa, idan aka juya sanda a cikinsa, hawa jikin sandar yake yi, maimakon ya guje ta kamar yadda ruwa zalla ke yi.

Ga folima marar caji, tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ba ta da faɗi, domin sarƙewa kan zo ne idan yawan folima ya ninka na iyakar cuɗanya kimanin sau 10. Ga mai caji a ruwa marar gishiri, tazarar takan kai ninki ɗari ko ɗaruruwa. Awon da Carlos Lopez da abokan aikinsa suka yi daga 2017 ya ƙara fayyace dalili: gishiri yana matsar da iyakar cuɗanya nesa ƙwarai, amma iyakar sarƙewa kaɗan take motsawa. Watau caji shi ke hukunta yaushe zarurruka za su taɓa juna, amma harɗewarsu ta fi dogara ga tsawonsu da yawansu.

5.0 Gishiri, Tsami da Kanwa

Daga bayanin da ya gabata ana iya gane aikin abubuwa uku da ke cikin kowane madafi.

Na farko gishiri. A ruwa tsantsa ƙarfin caji yana iya kaiwa nisan kusan nanomita 1,000. Idan aka narka giram 6 na gishiri a lita ɗaya, watau kimanin ƙaramin cokali, nisan yakan koma kusan nanomita 1. Zaren da yake a miƙe sai ya dunƙule kamar marar caji, kaurin tsararon haɗi ya faɗi. A haɗin da ya riga ya sarƙe sosai kuwa, tasirin gishiri bai kai haka ba. Wannan ya sa gishirin miya ba ya hana kuɓewa yauƙi idan an zuba ta da yawa.

Na biyu tsami. Cajin da ke jikin zaren kuɓewa yana fitowa ne daga wani sukari mai tsami da ake kira galakturonik, wanda kan saki ayon na haidurojin ya bar cajin ɗebewa a jikin zaren. Abu mai tsami, kamar lemon tsami ko tsamiya, cike yake da wannan ayon, saboda haka yakan mayar da shi gurbinsa, cajin ya mutu, zarurruka su ƙanƙance, su dunƙule da juna. Shi ya sa tsami yake rage wa kuɓewa yauƙi.

Na uku kanwa, wadda yawancinta sodiyam kabonet ne da danginsa, kishiyar tsami. Tana tausasa naman kuɓewa, zarurruka su sami hanyar fitowa cikin ruwa, tana kuma buɗe wasu guraben caji da suke a toshe. Sai dai idan ta yi yawa, ko aka daɗe ana tafasawa, zarurrukan kan kakkarye su zama guntaye. Gajeren zare ba ya sarƙewa. A nan kalmar "tsinkewa" ta faɗi daidai a kan gaɓa, domin zaren ne da kansa ya tsinke.

6.0 Kuɓewa da Ƙaro

Kwatanta waɗannan biyu yana nuna cewa caji shi kaɗai bai isa ba, sai an dubi ƙirar zaren. Dukansu folima ne na sukari, dukansu suna da cajin ɗebewa, kowace ƙwaya a cikinsu ta fi ƙwayar ruwa nauyi fiye da sau dubu goma. Amma zaren kuɓewa dogo ne mai gajerun rassa, shi ya sa 'yar kaɗan take cika tukunya da yauƙi. Idan aka ɗaga loma, zarurrukan da ke cikin siririn ruwan nan sukan miƙe su jeru, su hana shi yankewa, harɗewarsu kuma tana ƙara masa jimiri. Idan aka matsa su kuwa, kamar a tsakanin loma da maƙogwaro, sukan kwanta su fuskanci gefe guda, kauri ya ragu, tuwo ya wuce da santsi. Kuka da karkashi da lalo da dargaza duk suna da danginsa na dogon zare, ko da yake ƙirarsu ta ɗan bambanta.

Ƙaro, wanda ake samu daga itacen ɗakwara da dushe a Sudan da Cadi da jihohin Borno da Yobe da Jigawa, ƙirarsa dabam ce. Reshe ne a kan reshe, ya dunƙule kamar kan bishiya, ba shi da dogon jiki da zai miƙe ko ya harɗe. Saboda haka ana iya narka shi har ya kai kusan rabin nauyin haɗin, kuma ko a kashi 10 cikin 100 ruwan yana kwarara ba wuya. Wannan hali ne ya sa ya dace da tawada: tana bin alƙalami ba ta jan zare, idan kuma ruwan ya bushe sai ƙaron ya manne baƙin a jikin allo ko takarda. Wannan shi ne danƙo. Kaurin kunu kuwa daga wata hanya ta uku yake fitowa, domin ƙwayoyin sitati ne, waɗanda kusan ba su da caji, suke shan ruwa su kumbura su matsi juna.

7.0 Amfanin Wannan Ilmi

Sanin waɗannan iyakoki yana da nasaba da dukiya da lafiya. A filin man fetur na Daqing da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, a 1996 aka shiga tura ruwa mai haɗe da folima mai caji cikin rijiyoyi gadan-gadan, domin ruwa mai kauri ya fi iya koro man da ya maƙale a cikin duwatsu. Babbar matsalar wannan dabara a ko'ina ita ce gishirin ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ke dunƙule zarurruka ya tsinka haɗin, sai an ƙara folima, kuɗin aiki ya ƙaru. Haka nan garin da ke cikin ƙunzugun jarirai na zamani, wanda folima ce mai caji da aka ɗaure zarurrukanta da juna, yana shan ruwa tsantsa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, amma fitsari, saboda gishirinsa, 'yan gomomi kawai yake iya sha. A jikin ɗan Adam kuma, santsin gaɓoɓi ya dogara ga tsawo da yawan zarurrukan hayaluronik, kuma a ciwon gaɓoɓi akan tarar sun gajarce, ruwan gaɓar ya tsinke.

8.0 Kammalawa

An ga cewa folima mai caji tana bin matakai uku a cikin ruwa: warwatsuwa, cuɗanya da sarƙewa. Caji yana miƙar da zare ya gaggauta cuɗanya, gishiri da tsami suna mayar da shi dunƙule, sarƙewa kuwa ta fi rataya a kan tsawon zare da yawansa. An kuma ga cewa kauri, yauƙi da danƙo abubuwa uku ne masu tushe uku, waɗanda kunu da kuɓewa da ƙaro suke wakilta. Ya kamata masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa su keɓe "kauri" ga nawar kwarara, "yauƙi" ga jan zare, "danƙo" ga mannewa, su kuma raba "cuɗanya" da "sarƙewa" kamar yadda awo ya raba su. Ɗalibin da aka fara masa darasi daga tukunyar miyar gidansu zai fi saurin kama lissafin Fuoss da de Gennes idan an kai shi gare shi.